Gyaran Hanci Karo na Biyu: Me Ya Sa Likitoci Ke Cewa Sai an Cika Shekara?

Wata uku da 'yan kwanaki bayan an yi wa ƙanwata tiyatar hanci, ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, ba ta ce uffan ba sai ta miƙo min wayarta. Hotunan fuskarta ne sun fi arba'in, duk a yini ɗaya ta ɗauke su, wasu ta gaba, wasu ta gefe, wasu daga ƙasa. Ta ce, "Yaya, ki duba tsakaninki da Allah. Wannan ne hancin da na tara kuɗi shekara uku a yi min? Kan nan fa kamar an ɗora ƙwallon goriba."

Hancin nata ya karye ne a hatsarin mota tun tana sakandare, ya warke a karkace, kafar hancin ta hagu kuma ba ta shigar da iska sosai. Ta daɗe tana barci baki buɗe, ta tashi da maƙogwaro a bushe. Da ta samu hali ta tafi Istanbul aka yi mata aiki biyu a zama ɗaya, aka miƙe bangon da ya raba kafofin hancin, aka kuma daidaita karan. Ranar da ta shigo ɗakina har ta fara tambayar kuɗin jirgi don ta koma a sake. Likitan ya rubuto mata cewa ba zai sake taɓa hancin ba sai an cika wata 12. Ita kuma ta ɗauka yawo da hankali ne, irin na wanda ya riga ya karɓe kuɗinsa.

Ba yawo da hankali ba ne. Kusan duk likitan da ya san wannan aiki, a Turkiyya yake ko Amurka ko Masar, amsar da zai bayar ke nan: a jira shekara guda kafin a sake buɗe hancin da aka yi wa tiyata. In mutum mai kaurin fata ne, ko an riga an yi masa aikin fiye da sau ɗaya, da yawa za su ce wata 18, wasu ma shekara biyu. Lissafin kuma daga ranar da wuƙa ta taɓa hancin a karon ƙarshe yake farawa, ba daga aikin farko ba. Sai dai akwai 'yan matsalolin da jiran kwana biyu ma ganganci ne a kansu, kuma rashin bambance su da sauran shi ne abin da ya fi cutar da mutane, ta ɓangaren masu gaggawa da ta ɓangaren masu sakaci.

Kafin a gane dalilin jiran, sai an san abin da ake yi wa hancin a ɗakin tiyata. Hanci rumfa ce. Kashi ɗaya cikin uku na sama ƙashi ne, sauran na ƙasa guringuntsi ne, irin abin nan mai lanƙwasuwa da ke kunne, fata kuma ta lulluɓe su duka kamar tabarmar da aka yafa wa rumfa. Likita yakan ɗaga fatar gaba ɗaya daga jikin rumfar, ko dai ta cikin kafofin hanci, ko ya ƙara da ɗan yanka a siririn naman da ke tsakanin kafofin biyu. Sannan ya kankare tudu, ya tsaga ƙashi ya matso da shi, ya rage guringuntsi a wani wuri ya ƙara a wani, ya ɗinke, ya mayar da fatar. To fatar nan da aka mayar an yi ta ne daidai tsohuwar rumfa. Tsakaninta da sabuwar akwai sarari, kuma jiki ba ya barin sarari fanko. Da farko ruwa da jini ne ke cika shi, daga baya tabo ya maye gurbinsu.

Bayan kamar mako guda ake cire abin da aka ɗaure karan hancin da shi. Kwanciyar jinin da ke ƙarƙashin idanu takan baje cikin mako biyu zuwa uku. Ƙashin yakan kama a wajen mako shida. Wannan saurin shi ne ke ruɗar mutane, don a wata na biyu mutum zai shiga jama'a ba wanda zai gane an yi masa aiki, sai ya ɗauka ai ya warke, abin da yake gani a madubi shi ne sakamako. Alhali babban kumburin ne kawai ya tafi, sauran na sauka ne a hankali, kuma daga sama yake farawa. Tsakanin idanu ke fara sacewa, sai tsakiyar kara, kan hanci shi ne na ƙarshe. Shi ya sa a wata na uku ko na huɗu hanci kan fi muni a idon mai shi, sama ya yi siriri, ƙasa na nan dunƙule, sai kan ya zama kamar ya fi da girma.

Akwai dalilin da kan hanci ke jan ƙafa haka. A cikin fata akwai ƙananan magudanai masu kwashe ruwan da ya taru a nama su kai shi ga ƙulluttan da muke kira kaluluwa idan sun kumbura. Ɗaga fatar yana yanke da yawa daga cikinsu, kuma sai jiki ya gina sababbi. Kafin a gama, ruwan ba shi da mafita sai ya kwanta a wuri mafi ƙasa, wanda kuma fatarsa ta fi kauri. Ƙanwata ta lura da kanta cewa da asuba hancin ya fi girma, zuwa la'asar ya ɗan sace, ranar da ta ci abinci mai gishiri da yawa ko ta yini a zafin kicin sai ya sake tashi. Abin da ke canja girma tsakanin safe da yamma ba ƙashi ba ne, ba guringuntsi ba ne, ruwa ne. Likitan da ya auna hanci a wannan hali ya yanka, ya yanka ne bisa ma'aunin ruwa, kuma in ruwan ya tafi za a ga ya rage abin da bai kamata ya rage ba.

Sai maganar tabo, wadda ita ce ainihin tushen shekarar da ake faɗa. Ko ina aka yanka a jiki, warkewa na bin mataki uku. Kwanakin farko na zafi da kumburi ne. Daga nan zuwa wajen mako uku jiki na zuba wani sinadari mai kama da zare da ake kira kolajin, yana zuba shi a gurguje, birkice, don dai a toshe ɓaraka. Mataki na uku shi ne mai tsawo, inda jiki ke warware wancan zaren na gaggawa yana saƙa wani mai tsari a madadinsa, kuma wannan aikin na ɗaukar shekara ɗaya, wani lokaci ya wuce. A mako na uku ƙarfin rauni bai fi kashi 20 cikin 100 na lafiyayyar fata ba, kuma ko ya gama nuna ba ya wuce kusan kashi 80. Duk wadda aka taɓa yi wa aikin haihuwa ta san wannan ba tare da an gaya mata ba: a watannin farko tabon na da tauri, ya tashi, ya yi duhu, yana ƙaiƙayi, bayan shekara sai ya kwanta ya yi laushi. Abin da ke faruwa a ƙarƙashin fatar hanci ke nan, sai dai shi ido ba ya gani, yatsa ne kawai ke ji. In ka danna kan hancin da aka yi wa aiki wata huɗu da suka wuce za ka ji shi kamar icce, kuma mai shi zai ce ba ya jin taɓawar sosai. Ranar da ya fara lotsawa kamar na kowa, ranar ce likita ke fara sauraron maganar gyara.

Maginin ƙasa ba ya ɗora sabon sahu a kan wanda bai sha iska ba, komai matsin lambar mai gida. Likitan da ya buɗe hanci a wata na uku zai tarar da nama ɗanye mai yawan zubar jini, fata ta manne da guringuntsi, hanyoyin da ya saba bi don raba su sun shafe. Guringuntsin kan hanci siriri ne ƙwarai, garin ɓamɓare tabo daga jikinsa yana iya yagewa. Ɗinki ba ya riƙewa da kyau a naman da ke kumbure. Sannan sabon yanka a kan tabon da bai nuna ba yana tunzura jiki ya zuba wani tabon fiye da na farko.

Abin da ya fi ba ni tsoro a duk wannan shi ne jini. Fatar kan hanci na rayuwa ne da 'yan siraran jijiyoyin jini, wasu na haurowa daga leɓen sama ta tsakanin kafofin hanci, wasu na zuwa ta gefe. Idan an yi aikin ta hanyar yanka tsakanin kafofin, an yanke na tsakiyar, saura na gefe su riƙe fatar kafin sababbi su tsiro. In aka sake ɗaga fatar tun ba su kafu ba, ballantana a haɗa da rage faɗin kafofin hanci, wani yanki na fatar na iya rasa jini ya mutu. Fatar kan hanci in ta mutu ba ta da madadi mai sauƙi, wani lokaci sai an yanko fata daga goshi an juyo da ita, aikin da ake yi a matakai, ya kuma bar tabo a tsakiyar fuska. Garin neman gira a rasa ido ke nan a zahirinsa.

Mu kuma muna da ƙarin dalili na jira. Yawancin baƙar fata, fatar kan hancinmu na da kauri da maiƙo, guringuntsin da ke ƙarƙashinta kuma sau da yawa mai laushi ne. Fata mai kauri ta fi riƙe ruwa, ta fi tara tabo a ƙarƙashinta, kuma ba ta saurin kwanciya a kan sabuwar rumfa. Bambancin kamar na yafa gyale ne da yafa bargo a kan abu, gyale zai nuna siffar abin nan take, bargo sai ya daɗe yana kwanciya. Hotunan "kafin aiki da bayan aiki" da ake zubawa a Instagram galibi na masu siririyar fata ne, kuma wasu ma a kan gadon tiyata aka ɗauke su kafin kumburi ya taso. Wadda ta auna hancinta na wata huɗu da irin waɗannan hotuna ta zalunci kanta. Ba duka muka zama ɗaya ba, akwai masu siririn hanci da siririyar fata a cikinmu, musamman waɗanda ke da jinin Fulani ko Buzaye ko Larabawan Shuwa, amma mai kaurin fata ya sa a ransa wata 18 ne nasa lissafin.

Jiran ba ɓoye aibi kawai yake warwarewa ba, yana kuma fito da wanda ba a gani ba. Tabo na tsukewa yayin da yake nuna, yana jan duk abin da ke kusa da shi. Hancin da ya yi kyau a wata na biyu don kumburi ya rufe komai, a wata na goma yana iya nuna lotsawa a tsakiyar kara, ko bakin kafa ɗaya ya ɗage sama, ko kan ya matse kamar an tsunkule shi, ko ya fara karkata zuwa inda ya fito, don guringuntsi na da halin komawa tsohuwar lanƙwasarsa. Wanda ya koma a wata na huɗu aka gyara masa matsala ɗaya, zai iya wayar gari a wata na goma da wata sabuwa da ba ta bayyana ba a lokacin, sai a shiga maganar aiki na uku.

Kuma kowane aiki na cin jari wanda ba ya dawowa. Kayan gyaran hanci mafi kyau shi ne guringuntsin bangon tsakiya, don a miƙe yake, a kusa yake, na jikin mutum ne. Amma kaɗan ne, kuma in an yanke ba ya sake tsirowa. Dole likita ya bar aƙalla faɗin santimita ɗaya ta sama da ta gaba don ya tallafi hancin, in ba haka ba karan ya rufta. Galibi aikin farko ya cinye abin da za a iya ɗauka. A na biyu sai a koma kunne, wanda guringuntsinsa a lanƙwashe yake kuma ba shi da ƙarfin zama ginshiƙi, ko a koma haƙarƙari. Na haƙarƙari na da yawa da ƙarfi, amma sai an yanka ƙirji, ciwonsa ya fi na hancin, yana iya lanƙwashewa bayan an dasa shi, akwai ɗan haɗarin huda rigar huhu wajen cirowa, kuma yana ƙara zama kamar ƙashi yayin da shekaru ke ja. Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye: tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma, wanda ya fi yawa a baƙar fata, ba kasafai yake fitowa a hanci ba, amma kunne da ƙirji na cikin wuraren da ya fi so. Duk wadda hujin kunne ya taɓa yi mata irin wannan tudu, ta faɗa wa likita tun kafin a tsara inda za a ɗebo guringuntsi. Wani bincike da aka wallafa a 2016 a Amurka, wanda ya bi bayanan mutum sama da 175,000, ya gano cewa kusan kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin farko ne suka koma aka sake, amma a cikin waɗanda aikin nasu dama na gyara ne, kashi 11 suka sake komawa. Gyara ya fi aikin farko wuya, ya fi tsada, ya fi daɗewa a ɗakin tiyata, kuma kumburinsa ya fi jinkirin sauka.

Yanzu ga abubuwan da ba a jira a kansu, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe su fiye da duk abin da ya gabata. In jini ya taru a cikin bangon tsakiya, hanci ya toshe gaba ɗaya, ga ciwo na ƙaruwa, in an leƙa a ga wani abu ja ya kumburo kamar ƙwallo, a ranar ake zuwa asibiti a tsiyaye shi. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini ta kansa, daga fatar da ke manne da shi yake samun abinci, in jini ya raba su cikin 'yan kwanaki zai fara narkewa, karan hanci ya lotsa. Haka in aka ga zazzaɓi, zafi da ja na ƙaruwa maimakon raguwa, mugunya ko wari. Haka in fatar kan hanci ta canja launi. A baƙar fata wannan na da wuyar ganewa, don ba za a ga shuɗin da littattafan Turawa ke kwatantawa ba, sai dai wurin ya yi toka-toka ko ya fi kewayensa duhu, ya yi sanyi, ko ya yi ƙuraje masu ruwa. Wanda aka sa wa roba irin ta silikon don ɗaga kara, in fatar da ke kanta ta fara sirancewa tana sheƙi, ko robar ta fara leƙowa, cirewa ake yi ba jira, sai dai sake ginin ne za a ɗaga zuwa wasu watanni bayan wurin ya lafa. Ruwa garau mai ɗiga daga kafa ɗaya, musamman in an sunkuya, tare da ciwon kai, shi ma na gaggawa ne duk da ba kasafai yake faruwa ba.

Sai kuma bugu. Mai goyo ta san yadda yaro ke kai wa fuska karo da ƙeya ba zato. In hakan ya faru a makonnin farko ƙashi ya goce, likita na iya mayar da shi cikin sauƙi kafin ya kama, kuma ƙofar nan ba ta wuce kusan mako biyu. Ƙa'idar ɗaya ce da ta wanda ya faɗi a babur ya karya hanci: ko dai a daidaita shi a cikin kwanakin nan, ko a bari sai bayan wata shida ko fiye a yi cikakken aiki. Da an san wannan lokacin da ƙanwata ta yi hatsari, wataƙila da ba a kai ga Istanbul ba.

Tsakanin gaggawa da shekara akwai 'yan ƙananan gyare-gyare da wasu likitoci ke yarda su yi a wajen wata shida, kamar goge ɗan tsinin ƙashi a saman kara inda kumburi ke saurin sauka, ko gyara tabon gefen kafar hanci. A nan likitoci sun sha bamban, kuma ra'ayina shi ne duk abin da zai sa a sake ɗaga fatar kan hanci a bar shi ya cika shekararsa, abin da kuma za a iya yi daga gefe ba tare da an taɓa kan ba, a saurari likitan da ya ga hancin da idonsa ya taɓa shi da hannunsa.

Numfashi na da nasa hukuncin. Toshewar hanci a watannin farko abu ne da aka saba, don cikin ma ya kumbura kamar wajen. Kuma ko a lafiyayyen mutum kafofin hanci na karɓa-karɓa ne, ɗaya ta buɗe ɗaya ta ɗan toshe, bayan wasu sa'o'i su yi musanya, sai dai ba ma lura sai an yi aiki hankali ya koma wurin. Hunturu na ƙara dagula lamarin, ƙura da bushewar iska su sa ɓawo ya taru a ciki. Ruwan gishirin wanke hanci da ake sayarwa a kantin magani shi ne abokin tafiya a nan. Abin gudu shi ne maganin feshi mai buɗe hanci nan take irin su Otrivin, wanda in aka wuce 'yan kwanaki ana amfani da shi yakan mayar da toshewar ta fi da, mutum ya kasa rabuwa da shi. Amma in bayan wata shida gefen hanci na mannewa ciki duk lokacin da aka ja numfashi, kuma in aka ja kunci gefe da yatsa sai iska ta wuce, wannan alama ce ta raunin ginshiƙi, ba kumburi ba, kuma jira kaɗai ba zai gyara shi ba. Ko a nan ɗin galibi ana bari nama ya yi laushi kafin a shiga, sai dai in toshewar ta hana barci da aiki.

Shekarar jira ba ta naɗe hannu ba ce. In tabo ya taru a saman kan hanci ya yi tudu kamar bakin aku, likita na iya yin allurar sitiroyid mai suna triamcinolone a ƙarƙashin fatar, kaɗan-kaɗan, da tazarar makonni, kuma sau da yawa wannan kaɗai kan kawar da buƙatar tiyata. Allura ce mai son gwani, don in ta yi yawa ko ta tsaya a sama takan sirantar da fata ta lotsa, a baƙar fata kuma ta bar farin tabo. Wasu likitocin na sa a riƙa manna filasta a kan hanci da dare. Tabarau mai nauyi a ajiye shi kamar mako shida. Sigari da shisha na tsuke jijiyoyin jinin da fatar ke dogaro da su, wanda ke shirin gyara ya rabu da su makonni kafin aiki da bayansa. Maganar sujada da shaƙa ruwa da facewa a alwala, a tambayi likita ranar da za a koma yi kamar da, a kuma tambayi malami yadda mai uzuri ke yi kafin nan, addini bai bar wannan babu mafita ba. Malamai da dama sun bambanta gyaran abin da hatsari ko cuta ko nakasar haihuwa ta ɓata da sauya halitta don ƙawa kawai, suna kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare.

Abin da nake jan kunne a kai da babbar murya shi ne allurar ciko da ake kira fila, wadda yanzu har a shagunan kwalliya ake yi. Gaskiya ne ƙwararren likita na iya cike ɗan lotsawa da ita. Amma hancin da aka yi wa tiyata jijiyoyinsa sun bar inda aka san su, tabo ya riƙe su, in allurar ta shiga ɗaya daga ciki tana iya kashe fata, tana ma iya bin hanya ta kai ga jijiyar ido mutum ya makance. In za a yi, likita ne zai yi, da irin wadda ke da maganin narkar da ita a ajiye a kusa, ba silikon na ruwa ba wanda in ya shiga ya shiga ke nan.

Na koma kan hotuna arba'in ɗin nan. Wani bincike na 2018 a Amurka ya lissafa cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30, wato yadda muke riƙe waya, yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin 100 in aka kwatanta da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Ƙanwata tana auna kumburarren hanci ne da madubin da ke ƙara masa girma, sau arba'in a yini. Muka yi yarjejeniya: hoto sau ɗaya a wata, ni zan ɗauka, a tsakar gida, da hantsi, daga nesa ɗaya. Damuwa a watannin farko ba abin kunya ba ce, fuska ce, mutum ya saba da ita tun yana yaro, ko gyaran ya yi kyau sai zuciya ta ɗauki lokaci kafin ta karɓe shi. Sai dai akwai wata lalura ta ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya riƙa ganin mummunan aibi a jikinsa inda wasu ba sa ganin komai, ya yini a gaban madubi, ya daina shiga mutane. Wani bincike a Beljiyam a 2011 ya samu alamunta masu ƙarfi a kusan mutum ɗaya cikin uku na masu neman tiyatar hanci. Mai wannan lalura tiyata ba ta warkar da shi, aiki na biyu kan kai shi ga na uku, maganinsa na wurin likitan ƙwaƙwalwa, kuma ana samun sauƙi. 'Yan uwa su ne suka fi kowa damar lura da wannan, kuma su faɗa da tausasawa.

Wanda ya yi aikinsa a ƙasar waje yana da wata matsalar ta daban: likitansa na ganinsa ne ta hoton WhatsApp, hoto kuwa ba ya nuna taurin nama. Ya kamata a samu likitan kunne, hanci da maƙogwaro ko na tiyatar gyaran jiki a gida wanda zai riƙa dubawa, a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, ko cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Kuma tun kafin a baro can a karɓi rahoton aikin a rubuce: ta ina aka shiga, me aka cire, guringuntsin tsakiya nawa ya rage, an sa roba ko ba a sa ba. Likitan da zai yi gyara, ko shi ne na farko ko wani, da wannan takarda zai san abin da zai tarar. Neman ra'ayin likita na biyu ba sai an cika shekara ba, ana iya yi tun a wata na shida, tiyatar ce ake jinkirtawa. In kuwa wani ya ce zai sake buɗe hancin gaba ɗaya a wata na uku don kawai siffar ba ta yi ba, ba tare da ɗaya daga cikin dalilan gaggawar nan ba, ni dai ba zan kai nawa wurinsa ba.

Ƙanwata ta jira. An yi mata allurar sitiroyid sau biyu a nan gida, a wata na biyar da na bakwai. Hotonmu na wata tara shi ne na farko da ta kalla ba ta ce komai ba. A wata na 14 ƙwallon goribar ya tafi, kan hancin ya yi laushi, tana barci baki rufe. Abin da ya rage shi ne ɗan tsini a gefen dama na karan, wanda a wata na uku ba ma a ganinsa saboda kumburi, kuma ba shi ne abin da ta so komawa a gyara ba. Likitan da ke duba ta ya taɓa wurin ya ce, "Hajiya, wannan gogewa ce kawai, ta cikin kafa za a shiga, ba sai an ɗaga fatar kan ba. In kina so a sa rana, in kuma ba ya damunki a bar shi." Ta ce ya ba ta zuwa bayan sallah ta yi shawara.